Kuɗin Ganin Dama

Talata, bayan azahar

Wannan littafin na ƙofar sito ne, wanda nake rubuta motar da ta fita da wadda ta shigo, rana da lokaci. Da na bar aiki na taho da abina, don fensirina ne ya cika rabinsa. Ban yi boko ba. Yaƙi da jahilci na yi wata bakwai, malamin ya gudu. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Uwar Sa'adiyya, mai ɗakina, ta fita suna a Bugaje ranar Laraba, ƙarfe tara na safe. Na rubuta a gurbin fita. Yau kwana shida, gurbin shiga ba komai.

A dawowa aka tare motarsu. Mutum bakwai. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Maganin hawan jininta yana kan taga. Ta ce ai yini ɗaya ne.

Laraba, hantsi

Sun kira, da wayarta. Wanda ya yi magana bai kai jikana ba. Ya faɗi kuɗi, na ce mashi ni tsohon mai gadi ne. Ya ce, "To Baba, yi gadin bakinka." Aka yi ta ja, kamar cinikin akuya, har aka tsaya. Sati uku ya ba mu, Laraba ta uku daga yau.

Sanmu na noma ya tafi kasuwa. Ɗiyata Sa'adiyya ta fitar da keken ɗinkinta, dangin uwarta na Gangara sun yi abin da za su iya. Abin da ya rage daidai yake da abin da ke cikin asusun fanshona, kamar an auna da tiya. Gumina ne na shekara ashirin da shida. Gobe zan je Katsina in karɓo.

Alhamis, bayan la'asar

Na dawo.

Ofishin sanyi kamar randa. Yarinyar da ke kan tebur sunanta Mutmainna, yana rubuce a ƙirjinta. Ta danna na'ura, ta dube ni, ta sake dannawa.

Ta ce, "Baba Isah, kuɗinka suna nan, amma ta ƙofar ganin dama suka shigo."

Na ce, "Kuɗi ƙofa gare su?"

"Biyu ma. Akwai wanda wurin aiki ke cirewa daga albashi ya turo, shi ne na dole. Da naka irinsa ne, tunda ka tsufa kuma ba su da yawa, sai a ba ka duka, ba haraji. Akwai kuma wanda mutum ke zubawa da hannunsa. Shi in bai shekara biyar ba, sai an cire haraji, kuma ba duka ake bayarwa lokaci guda ba. Naka shekararsu uku."

Na ce mata ni tun ina saurayi nake biyan haraji, har da na keke. Yanzu kuma gumina ne za a yi wa jangali? Ta ce ba ita ta yi dokar ba. Kowa haka yake cewa. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya yi dokar ba.

Na ce, "Ana gyarawa?"

"Ana iya nema. Ka kawo takarda daga inda ka yi aiki, da hatiminsu, cewa kuɗin albashinka ne aka cire aka riƙe. Sai mu nemi a mayar da su ɗaya ƙofar."

"In mai wurin ya mutu fa?"

"Ayya. Ya rasu?"

"A wurina."

Ta rubuta abin da ake so a 'yar takarda ta miƙo mani. Na cusa ta a hula.

Sa'adiyya ta tare ni tun daga zaure. Na ce mata suna aiki a kai.

Juma'a, bayan masallaci

Bari in rubuta shi sau ɗaya, kada wani ya ce ba ni da dalili.

Zunnuraini, wanda yanzu ake ce wa Alhaji, a kafaɗata ya fara ganin shingen iyaka. Ubansa na yi wa gadi a siton Magama kafin shi. Lokacin da kamiyo, manyan motocin kaya, ke layi tun daga wajen duwan, kwastan na Nijar, ni ke hana idona barci a ƙofar nan. Ko ƙwayar shinkafa ba ta taɓa bin ni gida ba. Shekara uku da suka wuce buhu huɗu suka ɓace, ya sa aka tsayar da kowa, har ni. A gaban 'yan dako aka laluba aljihuna, aka zazzage jakata. Goro biyu suka faɗo, da tasbaha. Yana tsaye yana kallo. Daga baya aka gane ɗan ƙanwarsa ne ya kwashe.

Ranar na ɗora hannu a kan Alƙur'ani na ce ƙafata ba ta ƙara taka ƙofarsa, bakina ba ya ƙara roƙonsa komai.

Na faɗa wa Liman Abbas zancen takardar, shi kaɗai. Ya ce, "Malam Isah, wannan ai mai sauƙi ne. Wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, ya karya ya yi kaffara. Ciyar da miskini goma. In babu hali, azumi uku. Tashi ka je yanzu."

Na ce zan duba. Shi ba a zazzage mashi jaka ba.

Asabar, hantsi

Elkana, direban Zunnuraini, ya zo da ambulan. Ya durƙusa ya yi mani jaje, ya ce Alhaji ya ce a ba ni hannu da hannu.

Na san abin da ke ciki. 'Yan dubu biyar ne ko goma, don gobe a ce a bakin kasuwa ya taimaki tsohon mai gadinsa. Ban taɓa ta ba. Na ce, "Mayar mashi. Ka ce Isah bai fara bara ba."

Elkana ya ce, "Baba, ko buɗewa ba ka yi?"

Na ce ya gaida gida.

Lahadi, azahar

Ba su kira ba. Akuyarta ta ƙi cin dusa daga hannuna.

Litinin, bayan la'asar

Katsina kuma. Wannan karon na je da shiri. Mai unguwa ya rubuta cewa ya san ni mai gadin sito ne shekara ashirin da shida, ya buga hatiminsa. Tsofaffin 'yan dako biyu sun dangwala yatsa. Na haɗa da usur ɗina da wannan littafin.

Na baje mata su a tebur. Na ce, "Ko a gaban alƙali shaida biyu sun isa. Ga uku."

Ta buɗe littafin, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba, ni na yarda. Wallahi na yarda. Amma na sama ba su karɓar ta mai unguwa. Sai ta kamfanin."

Na ce ta kira mani na saman. Ta ce suna Abuja.

Wato mutumin da ya ci mutuncina shi ne maganarsa ke da hatimi, ni da na tsare mashi dukiya tawa iska ce. Da zan fito ta biyo ni har ƙofa, ta ce, "Baba, wani abu ne ya faru a gida?" Na ce mata lafiya lau.

Kuɗin mota ya tafi a banza.

Laraba, bayan azahar

Sun kira. Saura sati biyu. Na ce sai na ji muryarta.

Ta ce, "Malam, ka ci abinci?" Ita ke tambayata. Na ce na ci. Ta ce kanta na sara, ƙafafunta sun kumbura, amma da sauƙi. Ta ce a riƙa jiƙa wa akuya dusa da ruwan ɗumi. Sai ta ƙara wata magana, wayar ta yanke.

Ban ji ta ƙarshen da kyau ba. Akwai iska.

Alhamis, hantsi

Na hau mashin zuwa Magama, don in ga wani mutum. Hanya ce ta bi da ni ta gaban siton. Ƙofar ta yi tsatsa, ciyawa ta fito inda motoci ke juyawa. Tun rufe iyaka da aka yi wurin bai farfaɗo ba. Bencina yana nan, ƙafa ɗaya ta karye.

Na tsaya a tsallaken titi har inuwa ta gajarta. Mai shayi ya ce, "Baba Isah, gadin ka dawo?" Na ce iska nake sha.

Mutumin da na je nema ba ya nan.

Juma'a, magariba

Liman ya tsare ni da ido a sahu. Na fita ta ƙofar arewa.

Asabar, la'asar

Na ji abin da ta ce ranar Laraba. Babu wata iska.

Cewa ta yi, "Malam, ko wurin Zunnu ne, ka je."

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ta san inda jakinta ke turjewa.

Litinin, bayan sallar asuba

Na ɗauki azumin kaffara. Liman ya ce ba a haka, in fara zuwa, azumi ya biyo baya, Allah ba ya gaggawar bashinsa kamar mutanen daji. Na ce ni ba na shiga gonar Allah da bashi. In na cika uku zan je.

Ya ce, "Malam Isah, tsoron Allah ne wannan, ko tsoron Zunnuraini ya ga ka sunkuya?"

Na ɗauki takalmina. Mai azumi ba ya jayayya.

Talata, bayan azahar

Sa'adiyya ta wanke mani hula. Takardar Mutmainna ta faɗo.

Ta yi sakandare, ba a ɓoye mata rubutu. Ta shigo da ita a hannu, ko sallama babu.

"Baba, wannan ta yaushe ce?"

Na ce ba a yi wa uba tambayar 'yan sanda.

"Kwana goma sha biyu! Kullum in tambaye ka, ka ce suna aiki a kai. Ashe kai ake jira."

Na ce laifin ofis ne, su suka sa kuɗin a ƙofar da ba ita ba.

"Su suka sa? Ba ina tsaye ba ranar? Alhaji ya ce zai tura ta sunan kamfani, ka ce kada sunansa ya raɓi naka. Aka kawo maka su a leda ta hannun Liman, ka kai banki da ƙafarka. Ma'aikacin ya tambaye ka daga wane kamfani, ka buga tebur ka ce kai ba yaron kowa ba ne, kuɗinka ne. Inna ta ce ka bari a yi yadda ake yi, ka ce mata mace ba ta san kan kuɗi ba."

Haka aka yi. Ban rubuta a baya ba don ba a tambaye ni ba.

Ta ce ita za ta je ta roƙo. Na ce in ta taka ƙofar nan ban yafe ba. Ta dube ni, irin kallon da ba a yi wa uba, ta ce, "Ka riƙe yafiyarka, Baba. Ni uwata nake so."

Na ce ta bari, gobe ni zan je. Ta ce, "In rana ta take ba ka fita ba, ni na fita."

Da magariba ta ajiye mani kunun buɗa-baki a bakin ƙofa, kamar na baƙo.

Laraba, la'asar

Na je.

Ba a sito yake ba, yana gida. Ban san ya shanye ɓari ɗaya ba. Ko an faɗa mani ban saurara ba. Yana kan tabarma, baki ya karkace, hannun dama a cinya kamar ba nasa ba. Gidan da ake yanka rago duk Juma'a, yau ko kujera babu a zauren.

Na shirya magana tun daga Jibiya. Da na tsaya a kansa duk ta zube.

Shi ya fara. Ya ce, "Baba Isah." Maganar na fita da ƙyar. Ya ɗaga gefen tabarma da hannun hagu ya jawo ambulan. Ita ce, har da shatin yatsan Elkana na baƙin mai.

Na buɗe. Takarda ce, da hatimin kamfani, da sa hannu a karkace. Ya ce Liman ya yi mashi zancen ranar Juma'ar, washegari ya sa aka buga, ya sa hannu da hagu. Ya ce, "Da aka dawo mani da ita, na ce ko ka samu wata hanyar." Ya ce kuɗi ne ba shi da su, da ya haɗa.

Kwana goma sha ɗaya tana ƙarƙashin tabarmarsa.

Ya ce, "Zancen jaka, ka yafe mani. Na daɗe ina so in faɗa."

Shekara uku ina jiran wannan kalmar. Na sha tsara yadda zan tsaya in ya faɗe ta, da abin da zan mayar mashi. Yau ta zo, ko ɗanɗano babu. Na ce ya wuce. Na fito.

Sun kira ina kan mashin. Saura sati ɗaya.

Alhamis, bayan la'asar

Mutmainna ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Yauwa Baba, ita ce." Na dangwala yatsa wuri huɗu. Na ce yaushe.

Ta ce, "Kwana goma na aiki, in komai ya tafi daidai. Ban da Asabar da Lahadi."

Nan na faɗa mata. Ban taɓa faɗa wa baƙo ba. Ta rufe baki da mayafi, ta tashi ta shiga wurin babbansu, ta daɗe. Ta fito ta ce sun rubuta a kai cewa na gaggawa ne, za ta riƙa kira kullum, amma ba a hannunsu yake ba. Ta ce, "Baba, da ka faɗa tun farko."

A mota na ƙirga da yatsu. Da na buɗe ambulan ranar Asabar ɗin, na kai ta Litinin maimakon takardar mai unguwa, da kuɗin sun fito saura kwana biyu wa'adi. Na sake ƙirgawa ta ɗaya hannun. Haka ya ba ni.

Asabar, hantsi

Na zaga duk wanda na sani. Wanda ya ba da jiya ba shi da na yau. Gonarmu ta Bugaje ba mai saye, wa zai sayi gonar da ba a iya zuwa?

Litinin, azahar

Mutmainna ta kira. Ba labari.

Laraba, bayan azahar

Ranar ce.

Da yaron ya kira, na ce mashi ga abin da ke hannu, ya karɓa, saura na nan tafe cikin kwana takwas, takarda ce ta tsaya. Ya yi dariya, ya ce, "Baba, mu ma takarda za mu ci?" Na ce to in zo ni, a sako ta. Ya ce me zai yi da tsoho. Na ce ko magani ya bari in aiko. Na ce ya ba ni ita.

Ya ce ba ta iya zuwa wurin waya.

Na roƙe shi. Ni Isah, na ce mashi ranka ya daɗe. Yaron da bai kai jikana ba. Ashe bakina ya iya.

Ya ce zai yi shawara.

Alhamis

Na kira. Wayar a kashe.

Juma'a

A kashe.

Lahadi, la'asar

An sako wata mata 'yar Mazanya, cikin waɗanda aka tare tare da su. Na je. Ta rame kamar kara. Da ta ji ko ni wane ne, sai ta juya fuska bango. Mijinta ya ce in yi haƙuri, ba ta son magana. Na ce zan jira. Na jira.

Ta faɗi abin da ta gani ranar da aka tashe su daga wurin, aka ce kowa ya yi tafiya. Ta ce ita ba ta waiwaya ba, an hana waiwaye. Saboda haka ba ta ga ƙarshe ba. Ta faɗa da bakinta, ba ta gani ba.

Ta ce duk dare uwar Sa'adiyya na cewa, "Malam na nan tafe. Jinkiri gare shi, amma yana zuwa."

Litinin, hantsi

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Liman da mutum huɗu suna zaune. Na naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na ce wanda ya ga gawa ya zo ya zauna. Liman ya ja mutanen suka tafi.

Sa'adiyya ba ta yi mani magana tun ranar Laraba. Tana dafawa, tana ajiyewa.

Akuyar ta fara ci. Ruwan ɗumin ne.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata

Waya ta yi ƙara, na kusa faɗuwa wajen ɗauka. Saƙon banki ne. Sa'adiyya ta karanta, ta ajiye wayar a ƙasa, ta shiga ɗaki.

Can Mutmainna ta kira. Ta ce, "Baba, sun gyara. An mayar da su na dole. Sun shigo duka, ko kwabo ba a cire ba." Sai ta ce, "Mama fa?"

Na ce mata na gode, ta yi aikinta.

Na kira lambar sau tara. Na so in ce masu ga shi ya cika.

Juma'a, bayan sallar asuba

Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa kiran sunanta ba. Ba a yi a gidanmu. "Ke" nake cewa, da aka haihu na koma uwar Sa'adiyya. Ta taɓa yi mani tsiya, ta ce ko na manta shi ne.

Ban taɓa rubuta shi ba ma. Na gwada a bayan littafi sau uku kafin ya tsaya daidai.

Fati.

Ta fita Laraba, ƙarfe tara na safe. A ƙofar sito, motar da ba ta dawo ba ba a ja mata layi, komai daɗewarta. Na sa waya a caji. Maganin yana kan taga.